Mutum Biyu A Kan Dutse Ɗaya: Littafin Da Aka Buga Da Salon Kiɗan Jaz

Idan kana cikin masu rubuta waƙa, ko kina cikin masu zane a waya da kwamfuta, to ba sai an faɗa muku yadda aka saba yi ba. Marubuci zai gama littafinsa tsaf, sannan ya tura wa mai zane saƙo da tsakar dare: "Don Allah a yi min bango mai kyau, jibi zan kai maɗaba'a." Mai zane bai karanta ko shafi ɗaya ba. Sai ya ɗauko hoton faɗuwar rana ko na wata budurwa daga intanet, ya ɗora sunan littafi a kai, shi ke nan. Littafi ya fito, waƙa na kallon gabas, zane na kallon yamma. Ranar ƙaddamarwa kuwa a gode wa kowa, har mai hayar kujeru, a manta da wanda ya yi zanen.

A wannan makon za mu leƙa wata hanya dabam da wasu matasa biyu suka bi a birnin New York na Amurka tsakanin 1957 da 1960. Ɗaya marubucin waƙa ne, sunansa Frank O'Hara. Ɗayan mai zane ne, Larry Rivers, wanda kafin ya kama burushi sana'arsa busa ce a ƙungiyoyin kiɗan jaz. Sun yi littafi mai suna Stones, wato Duwatsu, kuma kwafi 25 kacal aka buga, kowanne da hannu. Abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne yadda suka yi shi: su biyun a tsaye a kan dutse guda, wannan ya rubuta, wancan ya amsa da zane, kamar makaɗa biyu a fage ɗaya.

Wane jaz ake nufi?

Bari mu fara kawar da ruɗani. Ba jaz ɗin da ake nufi da asiri a Turancin titi na Najeriya muke magana a kai ba. Wannan kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. Ya ma taɓa zuwa har ƙofar gidanmu: a 1960 fitaccen mai busa Louis Armstrong ya ziyarci Najeriya, kuma akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna.

Ginshiƙin jaz shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa sukan amince a kan wani karin kiɗa da kowa ya sani, su buga shi tare sau ɗaya, daga nan sai kowa ya ɗauki nasa lokacin ya sarrafa shi yadda ya ga dama, sauran na tallafa masa. Akwai ma wani wasa da suke yi inda mai busa zai ɗauki gaɓa huɗu, ya sakar wa mai ganga gaɓa huɗu, a yi ta miƙa wa juna. Wanda bai iya sauraro ba, ba zai iya wannan wasan ba, komai ƙwarewar yatsunsa, domin amsarka tana fitowa ne daga abin da ɗan'uwanka ya faɗa yanzun nan.

Ai kai ma ka san irin wannan a gida. Saurari tsofaffin faifan marigayi Alhaji Mamman Shata da kyau. Yakan jefa magana nan take, 'yan amshi su cafe, kalangu ya ba da tasa amsar, shi kuma ya ɗora a kan abin da kalangun ya ce. Kiɗan ya bambanta, amma tarbiyyar kunnen iri ɗaya ce.

A shekarar da aka fara Stones, wato 1957, akwai wani ƙaramin gidan kiɗa a New York mai suna Five Spot, inda masu zane da marubuta ke taruwa da daddare. A nan ne mai kaɗa piyano Thelonious Monk ya yi watanni yana wasa tare da mai busa John Coltrane. Rivers da O'Hara duk 'yan wurin ne. Rivers har shirya zaman karanta waƙa a kan kiɗan jaz ya yi a can. Shi kuwa O'Hara, ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara ya rubuta ta ne ranar da mawaƙiya Billie Holiday ta rasu a watan Yulin 1959, yana tuna daren da ya ji muryarta a wannan gidan. Ka ga ke nan iskar da suke shaƙa lokacin da suke aikin.

Matar da ta tsinci dutse a ƙofar gida

Amma fa tunanin littafin ba daga su ya fito ba. Daga wata mata ya fito, Tatyana Grosman. An haife ta a Rasha a 1904, juyin juya hali ya kori iyalinta, ta yi karatu a Jamus, ta zauna a Faransa da mijinta Maurice wanda shi ma mai zane ne. Da sojojin Hitler suka mamaye Faransa, sai suka tsere, suka tsallaka duwatsun kan iyakar Sifaniya da ƙafa, suka isa New York a 1943. A 1955 mijin ya kamu da ciwon zuciya, nauyin ciyar da gida ya dawo kanta, ga shi ta haura shekara hamsin.

Suna zaune a wani ɗan ƙaramin gida a West Islip, wajen birni. Yadda ake ba da labarin, a farfajiyar gidan ta gano wasu duwatsu biyu da aka shimfiɗa ana takawa, ashe duwatsun ɗab'i ne da aka kawo daga Jamus. Ta sayi tsohon injin matsa takarda a hannun wani maƙwabci a kan dala 15. Da wannan jarin ta kafa maɗaba'ar da ta sa wa suna Universal Limited Art Editions a 1957. Dutse biyu, tsohon inji, da ɗakin gida. Ka riƙe wannan a ranka duk ranar da ka ji bakinka na cewa sai ka samu kayan aiki na miliyoyi za ka fara.

Burinta shi ne ta yi irin littattafan da ta gani a Faransa, inda ake haɗa waƙa da zanen babban mai zane a buga kwafi kaɗan. Sai dai a can, yawanci kowa a ɗakinsa yake aikinsa. Misali, a 1900 an buga waƙoƙin Paul Verlaine da zanen Pierre Bonnard, alhali marubucin ya rasu tun 1896. Shi ma Henri Matisse, da ya fitar da shahararren littafinsa mai suna Jazz a 1947, shi kaɗai ya yanka takardunsa masu launi, shi ya rubuta bayanansa. Grosman ta tunkari Rivers, wanda ta haɗu da shi a jirgin ruwa shekarun baya. Da aka zo batun wane marubuci za a haɗa shi da shi, sai sunan O'Hara ya fito, kuma dama aminin Rivers ne na ƙut-da-ƙut.

Su waye mutanen biyu?

An haifi Rivers a 1923 a unguwar Bronx, iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani. Tun yana saurayi yake busa saksafon, wani abin busa na ƙarfe mai lanƙwasa, ya kuma yi ɗan karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard, inda ya haɗu da Miles Davis. Sai da ya wuce shekara ashirin ya fara zane, kuma bai taɓa ajiye busar gaba ɗaya ba har tsufansa.

O'Hara, wanda aka haifa a 1926, shi ma da kiɗa ya fara. Piyano ya koya, irin na gargajiyar Turai, kuma da niyyar karanta kiɗa ya shiga jami'ar Harvard kafin ya koma adabi. Ya samu aiki a MoMA, babban gidan adana fasahar zamani na New York. Daga teburin sayar da tikiti ya fara, a hankali ya zama cikin masu shirya baje koli. An san shi da rubuta waƙa cikin sauri, a lokacin hutun cin abincin rana, ko a tsakiyar hira da abokai. Waƙarsa kamar magana take: sunan titi, sunan aboki, ƙarfe nawa ne, me ya saya a shago.

To ka ga, mutum biyu ne da kunnensu ya riga ya horu kafin hannunsu. Kuma tun farko sun yanke shawarar cewa ba za a yi tsohon yayi ba. Rivers ya bayyana daga baya, a wani rubutu da ya yi a 1963, cewa ba su da niyyar O'Hara ya kawo gamammiyar waƙa shi kuma ya yi mata ɗan ado a gefe. Komai a kan dutsen za a haife shi, su biyun suna wurin.

Yadda dutse ke buga takarda

Kafin ka gane wahalar da suka ɗaukar wa kansu, sai ka san yadda bugun dutse yake. Turawa na kiransa litogirafi. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano shi a ƙarshen shekarun 1790. Sirrinsa abu ne da kowace mai wanke-wanke ta sani: ruwa da maiƙo ba sa jituwa.

Ana samo dutse irin wanda ake yin siminti da shi, amma mai santsin fuska, mafi kyawunsa daga Solnhofen a kudancin Jamus. A goge fuskar ta yi sumul. Mai zane ya yi zanensa a kai da alli mai maiƙo ko tawada mai maiƙo. Daga nan sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan. E, ƙaro dai da ka sani, na bishiyar dakwara, wanda ake sa wa tawadar allo don ta kama. Mafi yawan ƙaron da duniya ke amfani da shi daga yankinmu na Sahel yake fitowa, Sudan da Chadi da arewacin Najeriya, kuma har yau masu bugun dutse ba su rabu da shi ba. Aikinsa shi ne ya sa duk inda babu zane ya riƙa riƙe ruwa.

Idan an zo bugu, sai a jiƙa dutsen da soso, a mirgina tawada mai maiƙo a kai. Inda ruwa yake, tawada ta ƙi zama. Inda aka yi zane, ta manne. A shimfiɗa takarda, a tura cikin inji ya matse, a ɗago. Kwafi ɗaya ke nan. Na biyu ma sai an sake jiƙawa, an sake shafa tawada, an sake matsewa. In an gama adadin da aka yi alkawari, a goge fuskar dutsen gaba ɗaya don a yi sabon aiki a kai. Wancan zanen ya tafi ke nan, ba a ƙara buga shi.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, duk abin da ka sa a dutse, a juye zai fito a takarda. Je ka wurin mai sassaƙa hatimi a bakin sakatariya ko kotu, ka kalli yadda yake yanka haruffa a baibai, za ka gane. Dole O'Hara ya riƙa rubuta waƙarsa daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, suna duba madubi don su ga yadda zai fito. In da Hausa yake rubutu ya manta bai juya harafi ɗaya ba, da "bara" ta koma "dara". Tarko na biyu, dutse ba allo ba ne da za ka wanke ka sake. Yana shan maiƙo nan da nan. Ko yatsanka ka dafa a kai, shatinsa na iya fitowa a takarda. Goge kuskure sai an kankare da reza, kuma sau da yawa tabon na nan.

Yanzu ka haɗa lissafin: marubucin da ya saba waƙa ta zubo masa da gudu, an tilasta masa ya rubuta harafi ɗaya-ɗaya a baibai, a kan abin da ba ya yafiya, ga abokinsa tsaye yana jiran ya amsa.

Yadda suka yi wasan

Grosman kan kai musu duwatsun har ɗakin aikin Rivers, in sun gama a mayar West Islip a buga gwaji. Dutsen nan ba ƙaramin nauyi gare shi ba, kuma haka aka yi ta jigilarsa.

Duk zaman da za su yi, sai su fara amincewa a kan magana ɗaya takamaimiya, su sa mata take. Wannan shi ne karin da kowa ya sani, kamar yadda makaɗan jaz ke yi. Shafin farko sun kira shi US, kalmar da a Turanci take nufin "mu", take kuma nufin ƙasar Amurka a taƙaice. Daga nan sai ɗaya ya fara. Wani lokaci Rivers ya zana fuska ko wani siffa, O'Hara ya dube ta ya rubuta abin da ta faɗa masa. Wani lokaci kalmomin ne ke riga sauka, zane ya zagaye su, ya ratsa tsakaninsu, ko ya yi musu gardama. Akwai shafi a kan soyayya, akwai a kan ɗalibai, akwai a kan karin kumallo cikin kaɗaici. Akwai kuma wanda suka yi don tunawa da Berdie, surukar Rivers, dattijuwar da ta ci gaba da zama a gidansa tana taya shi renon yara bayan sun rabu da 'yarta, ta kuma rasu a 1957.

Idan ka nemi hotunan shafukan a intanet, kada ka sa ran ganin abu mai tsafta irin na katin biki. Baƙi da fari ne, akwai dabbare-dabbare, rubutun wani wuri ya karkace, wani wuri zane ya kusa danne kalma. Amma ka tsaya ka ƙura ido, za ka ga hira ce. Kana iya bin sawu ka ce a nan wannan ya yi magana, a nan wancan ya mayar masa. Ba za ka iya ɗauke waƙar ka kai ta wani shafi ta tsaya daidai ba, haka ma zanen. Sun riga sun shiga jikin juna.

Babban darasin yana nan, kuma ya fi wuya fiye da yadda ake zato: sai ka bar wa ɗan'uwanka wuri. Fuskar dutse iyakarta ke nan. In mai zane ya cika ta, marubuci ba shi da inda zai sa kalma. In marubuci ya zuba baiti goma, ya kashe zanen tun kafin a haife shi. Kowannensu dole ya dakata alhali yana da sauran abin faɗa. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu in an ce haɗin gwiwa, abin da muke nufi shi ne a zo a taya ni in yi abina. Shi ya sa ƙungiyoyin matasa da yawa ke watsewa kafin aiki na biyu.

Shafi 12 suka yi a haka, kuma aikin ya ɗauki kusan shekara uku kafin ya fito a 1960. Wanda ya ce ƙirƙira nan take na nufin gaggawa, bai taɓa ganin yadda ake yi ba.

Mutum na uku

Sunaye biyu ake yawan ambata, amma akwai hannu na uku da in babu shi, da babu littafin. Shi ne Robert Blackburn, gwanin ɗab'in da ya buga shafukan. Baƙar fata ne, iyayensa 'yan asalin Jamaika, ya tashi a unguwar Harlem, a can kuma ya koyi bugun dutse tun yana matashi a wata cibiyar koyar da fasaha ta al'umma. A ƙarshen shekarun 1940 ya buɗe tasa ma'aikatar ɗab'i a New York, wadda ƙofarta ke buɗe ga kowa, har da masu zane daga Afirka. Shi ne gwanin ɗab'i na farko a maɗaba'ar Grosman, daga 1957 zuwa 1963.

Rivers da O'Hara baƙi ne a harkar dutse. Blackburn ne ya san yawan asid ɗin da zai kama zane ba tare da ya cinye siraran layuka ba, ya san yawan ruwa, ya san nauyin tawada, ya san yadda za a sa kwafi na 25 ya yi kama da na farko. A ƙungiyar jaz, irinsa shi ne mai ganga da ke zaune a baya: masu kallo na tafa wa mai busa, amma in gangar ta kauce, kowa ya faɗi. Shi kansa mai zane ne na gaske, sai dai shekaru da yawa an fi saninsa da buga aikin wasu. Sai a 1992 aka ba shi babbar kyautar MacArthur, yana da shekara sama da saba'in. Ita ma takardar da aka buga littafin a kai, wani mai sana'a ne, Douglass Howell, ya yi ta da hannu.

Ka duba littafin da ke kusa da kai yanzu. Akwai sunan wanda ya tsara shafukan? Wanda ya yi bango fa? Yaron da ya kwana a maɗaba'a yana naɗe takardu? In kai ne marubucin, sa sunayen nan ba zai rage maka komai ba.

Idan dutse ya fashe

Stones ne ya buɗe wa maɗaba'ar ƙofa. Bayansa manyan masu zane irin su Jasper Johns da Robert Rauschenberg suka fara zuwa ɗan gidan nan na West Islip. A 1963 wani abu ya faru da ya dace da zancenmu. Ana cikin buga wani aikin Rauschenberg sai dutsen ya tsage a cikin inji. Maimakon a zubar, sai ya ce a buga shi a haka, da tsagar da ɓaraguzan duka. Ya sa wa aikin suna Accident, wato Haɗari. A shekarar nan aikin ya ci babbar kyauta a baje kolin ɗab'i na duniya da ake yi a birnin Ljubljana.

Haka makaɗin jaz ke yi in yatsansa ya zame ya taɓa inda bai yi niyya ba. Ba ya tsayar da kiɗa ya ba da haƙuri. Yakan maimaita sautin, ya gina wani abu a kansa, har mai sauraro ya ɗauka da gangan ne. Mu kuwa da muka tashi da waya a hannu, mun saba da maɓallin gogewa. Ka rubuta, ka goge, ka sake, ka goge, har wata shida waƙa ɗaya ba ta fita daga cikin waya ba. Aikin da ba ya goguwa yana koya maka abu biyu: ka yi tunani kafin ka sa hannu, in kuma ka sa, ka tsaya a kan abin da ka yi ka nemi hanyar ci gaba da shi.

Kwafi 25, don wa?

Na san tambayar da ke bakinka, kuma tana kan hanya. Littafin da aka buga kwafi 25, wa zai karanta? Gaskiya ne, irin waɗannan littattafai a gidajen adana kayan fasaha da hannun masu kuɗi suke ƙarewa. MoMA na da kwafin Stones, kuma talakan New York bai taɓa sayensa a bakin titi ba. Waƙar da ka ɗora a Facebook yau da safe ta riga ta samu masu karatu fiye da 25. Ta wannan fuskar, kai ka fi su gata.

Abin ɗauka a wurinsu shi ne hanyar aikin, tsadar kuwa a bar musu. Kuma hanyar ba ta buƙatar dutsen Jamus. Masu buga riguna da kyallen siliki suna nan a kowane gari, daga Kano zuwa Maraɗi, kuma abin da ke buga riga yana buga takarda. Mai hatimi na iya yanka maka zane a roba. Ana sassaƙa katako ko ledar daɓe mai kauri a shafa tawada a danna da bayan cokali. Ilimin ma ba baƙo ba ne a wurinmu: a 1957 ɗin nan da ake fara Stones, Bruce Onobrakpeya ya shiga kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗab'in hannu na Afirka. Har gobe ana koyar da zane a can. Haɗa rubutu da ado a fuska ɗaya kuwa, duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na saukar karatu ya san mun daɗe da shi.

In za ka gwada, ga yadda za ka fara. Nemi mutum ɗaya da kake girmama aikinsa, ba wanda zai ce maka to a komai ba. Ku zauna wuri ɗaya, waya a aljihu. Ku zaɓi magana ɗaya ƙarama da ku duka kuka sani: layin gidan mai, kakar da ta rene ku, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Ku shimfiɗa takarda ɗaya, alƙalamin da ba ya goguwa, ku riƙa karɓa-karɓa. In lokacin ɗan'uwanka ne, ka yi shiru ka kalla. Na farko zai yi muni, na biyu ma wataƙila. Ku ajiye su, ku sake haɗuwa mako mai zuwa.

Kuma tun kafin tawada ta taɓa takarda, ku gama maganar da ke raba abokai: sunan wa zai fito a bango, kwafi nawa za a buga, in an sayar yaya za a raba, nawa ne haƙƙin mai bugawa. Ku rubuta, kowa ya sa hannu. In kun ce kwafi 30 ne, to 30 ɗin ne, ku sa wa kowanne lamba da fensir a ƙasa, 1/30, 2/30, har ƙarshe, ku duka ku rattaba hannu. Wannan alkawari ne tsakaninku da mai saye, kuma shi ke ba aikin hannu darajarsa. Daga baya ku ɗauki hoto ku watsa a intanet, duniya ta gani.

Kada dai ku ce sai an samu lokaci. Frank O'Hara ya rasu a watan Yulin 1966, bayan wata mota ta buge shi a bakin teku a tsibirin Fire Island, yana da shekara 40. Shekara shida ke nan da fitowar littafin. Rivers ya rayu har 2002, ya yi aiki da wasu marubutan, amma shafukan nan 12 su ne inda rubutun hannun abokinsa da zanensa suka zauna a fuska ɗaya. Wanda kake tunanin za ku yi aiki tare wata rana, lambarsa na cikin wayarka. Kira shi a wannan makon, ku sa rana.